Daddawar da Ba Ta Wari

Gusau,
ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙullin da Gwaggonki Kulu ta ba ki ki kai wa ɗanta Bello a Jidda ba ita ta ɗinke shi ba. Wani mutum ne ya kawo mata shi a ɗinke. Ba ta san cikakken sunansa ba, ba ta san gidansu ba. Daga bakinta na ji wannan yau da hantsi a Tsafe. Ƙullin yana cikin babban akwatinki a Kano, jirginki kuma jibi Alhamis zai tashi.

Bayan haka, ina gaishe ki, ina gaida Kawunki Sani da iyalinsa da suka sauke ki. Mamanki tana gaishe ki. Muna nan lafiya, unguwa lafiya. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya tsare ki a inda za ki, Ya sa aikin jinyar da kika samu a can ya zama alheri gare ki da marasa lafiyar da za su shigo hannunki.

Na kira ki daga Tsafe kafin in shiga mota. Kika ce, "Baba, ai Gwaggo ce. Ta yaya zan farke amanar da ta ba ni? Kuma an riga an naɗe akwatin da leda." Ina cikin bayani layi ya yanke. Da na iso gida na sake kira, kika ce kina wajen karɓar takardu, za ki neme ni. Na san wannan muryar. Ita kike yi idan kin gama yanke shawara kina jira in gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta. Takarda kina iya ajiye ta ki yi fushi, ki dawo ki sake karantawa. Zan ɗauki hotonta in turo miki ta waya, ita kanta kuma direban da muke ba saƙo a tasha zai kawo ta gidan Kawunki gobe.

Ban ga laifinki ba. Mu muka koya miki cewa ba a buɗe saƙon babba, ba a tambayar abin da ke cikin ƙullin da aka ce ki kai. Tarbiyya ce mai kyau tsakanin Gusau da Bungudu. Amma ba ta ƙetare teku.

Ga yadda abin ya taso. Ranar da Gwaggonki ta zo yi miki sallama, akwatinki yana ɗakin Mamanki, ɗakin kuma cike da mata, sai aka ajiye ƙullin a ƙarƙashin teburina. A nan ya kwana. Bayan kin tafi, Mamanki tana share ɗakina ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, wace irin daddawa ce za ta kwana a ɗaki ba a ji ta ba? Tawa na sa ta a leda, na sake sa ta a wata, na rufe a gwangwani, har yanzu zannuwana suna warinta." Na ce mata ƙila an iya naɗewa ne. Ta ce to. Na ɗauki littafi, na kasa karanta layi ɗaya. Na tuna ɗinkin: buhu ne fari, an ɗinke bakinsa da zare mai kauri, an bi shi da salatif ta ko'ina. Tun muna yara Yaya Kulu da tsumman tsohon zane take ɗaure ƙulli. Ban taɓa ganin salatif a gidanta ba.

Kin san ba na son hanyar Tsafe yanzu. Ba wanda yake sonta. Mutum yana shiga mota yana kallon daji ta dama da hagu, kowa ya yi shiru, direba ya kashe rediyo. Amma wannan ba tambayar da ake yi wa babbar yaya ta waya ba ce. Na bari rana ta ɗaga, motoci sun fara wucewa, na tafi.

Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Muka gaisa, ta tambayi kowa da sunansa, ta kawo ruwa. Sannan na ce, "Yaya, ƙullin Bello, mi da mi ke ciki?"

"Daddawa da yaji da ɗan garin kuka. Mi ya faru?"

"Da hannunki kika ɗinke shi?"

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Lawali, wagga tambaya ce ta taso ka tun daga Gusau, a wagga hanya? Kai dai aikin jarida ya gama da kai. Kaza ta yi ƙwai sai ka nemi shaidu biyu."

Na yi dariya don ta ci gaba, ta kuwa ci gaba. Kwanakin baya wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanta, cikin farar jallabiya. Ya gaishe ta da sunanta. Ya ce daga Jidda yake, abokin Bello ne, ya miƙa mata dabino da 'yar gorar zamzam, wai Bello ya aiko. Ya ce Bello yana lafiya sai dai ya rame, shinkafarsu ta fita ransa, ba ya maganar komai sai daddawar tsohuwarsa. Ya ce ya ji labarin 'yar ƙanenta ta samu aiki a can. Shi ba zai koma ba sai bayan Sallah, yana da ɗan saƙonsa da zai aika wa Bello, ta kawo nata ya haɗa ya shirya su yadda ma'aikatan jirgi ke so, domin ba sa karɓar ƙullin tsumma. Ta ba shi. Washegari ya dawo da buhu a ɗinke.

Na ce, "Mi ne sunansa?"

"Alhaji."

"Alhaji wa?"

"Alhaji mana. Mutum ya kawo mini dabinon ɗana, in zaunar da shi ina tuhuma kamar alƙali?"

"Ɗan ina ne?"

"Ya ce mutumin wajen Bungudu ne. Har gidanmu na can ya kwatanta."

Na kira 'yan uwa a Bungudu, na kira na Furfuri. Ba wanda ya gane mutumin. Bello kuwa kin san babbar mota yake tuƙawa, yakan yi kwanaki a hanya, bai kira uwarsa ba tun kafin zuwan baƙon.

Bari in raba miki abin da na sani da abin da ban sani ba. Na san ba Gwaggonki ta rufe buhun ba. Na san ba ta ga abin da aka ƙara a ciki ba. Na san ya kwana a ɗakina bai yi warin daddawa ba. Ban san abin da ke ciki ba. Ban ce mutumin mugu ne ba, domin ban da hujja. Yana yiwuwa abokin Bello ne na gaskiya, mai tsafta, da ya iya naɗe kaya. Amma ƙasar da za ki, hukuncin shiga da ƙwaya yana kaiwa ga kisa, kuma sunan da ke jikin akwati shi ake tambaya. Sunanki ne a jikin wannan akwatin.

Yanzu ki yi haƙuri ki saurari kurakuran ubanki. Wasu kin ji su ana ba'a da su a gida. Ba ki ji su a jere ba.

Lokacin da gidan jaridarmu ya tura ni kwas a Turai, ba a haife ki ba. Kakarki, Inna, wadda kika ci sunanta, ta taso daga Bungudu da kaya a ka: daddawar Furfuri, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, ƙuli-ƙuli, har da hoce da ta gasa da kanta don in ci a hanya. Na karɓa na yi godiya. Da na isa Kaduna na bar kayan a ɗakin wani abokina. Na ɗinka sabuwar kwat, ba na son in zauna kusa da Bature ina warin miya. Na ɗauka abin da zan yi kewa mutane ne. Na yi kewarsu kam, amma mutane ana rubuta musu wasiƙa su amsa. Harshe ba ya karanta wasiƙa.

Ba a yi nisa ba abinci ya fara tsaya mini a wuya. Dankali, burodi, nama ba yaji. Na sayi garin alkama na gwada tuƙa tuwo da bayan cokali, tunda babu muciya, ya fito kamar kunun da ya yi fushi. Abubuwan da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba suka dame ni. Buta. Asuwaki. Man kaɗe, da fatata ta fara tsagewa don sanyi. Tsintsiya ta gaskiya, wadda ake sunkuyawa a yi shara da ita. Wata rana a cikin jirgin ƙasa wata baƙar mata ta wuce, na ji kamar ƙamshin turaren wuta a mayafinta, na bi ta da ido har ta tsargu ta canja wurin zama. Na rame har wandon kwat ɗin ya daina zama a ƙuguna.

Shi ya sa ban hana Mamanki cika miki akwati ba, ko da kina cewa ya yi yawa, wai can ma akwai Hausawa, komai ana sayarwa. Ana sayarwa, amma ba a ranar da kika sauka ba, kuma ba lallai a garin da asibitinki yake ba. Ki tafi da naki. Kada ki ji kunyar warinsa. Wanda yake da kuka a ɗakin girkinsa ba a sayensa da kwanon miya. Ni an saye ni, kuma shi ne kuskure na biyu.

A masallacin Juma'a na can na haɗu da wani Bahaushe, ɗan kasuwa. Ya ji hausata ya ce, "Kai, Bazamfare, mi ya kawo ka ƙasar sanyi?" Ya ja ni gidansa. Matarsa ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, an zuba man shanu yana yawo a sama. Na ci har gumi ya keto mini. Ban tuna na yi hira ba. Daga nan kowace Juma'a ina gidan. Bai taɓa neman komai a wurina ba, sai da tafiyata ta matso. Ya fito da wani kwali a naɗe da salatif ya ce, "Ɗan saƙo ne, wani zai tare ka a filin jirgi ya karɓa." Na so in tambaya. Bakin da ya sha miyar gidan ya kasa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Na ɗauko. A filin jirgi wani mutum ya kira sunana, ya karɓi kwalin, ya juya ya tafi. Bai faɗi sunansa ba, bai tambayi lafiyar mai aikowa ba. Har yau ban san abin da na ɗauko ba. Ƙila takalma ne. Na daɗe ina gaya wa kaina takalma ne.

Za ki samu irin wannan gida a can, kuma yawancinsu mutanen kirki ne. Ki je, ki ci, ki yi zumunci, ke ma ki kai musu daga naki. Wannan shi ne maganin: kada ki zama mai karɓa kullum. Idan kin kai musu yajin Mamanki sun kawo miki fura, kun zama daidai, ranar da aka miƙo miki kwali bakinki zai iya cewa, "A buɗe in gani." Wanda ya ƙi a buɗe ya ba ki amsa.

Na uku shi ne wanda ya fi kama da naki, shi ya fi hana ni sukuni tun jiya. An tura ni ɗauko rahoton aikin hajji. Wata tsohuwa daga Karakkai, ƙawar Inna tun ƙuruciya, ta aiko da ƙulli in kai wa 'yarta da ke zaune a Makka, wadda ta haihu. Matar nan ta goya ni ina jariri. Na karɓa da hannu biyu na sa a jaka.

Da muka sauka aka ware jakata. Wani jami'i ya tambaya ta bakin tafinta, "Wa ya haɗa kayan nan?" Na ce ni. Ban yi niyyar ƙarya ba. A wurinmu abin da tsohuwar gida ta ba ka naka ne. Suka sa wuƙa. Garin kuka ya zubo, a cikinsa an binne goro, wanda aka hana shiga da shi ƙasar. A ƙarƙashin goron ga wani ɗan ƙulli na farin gari, ba suna ba rubutu. Jami'in ya ɗaga shi ya tambaye ni mene ne. Ban sani ba. Tafintan, wani dattijo da ya daɗe a can, ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, kai ka ce kai ka haɗa."

Aka kai ni wani ɗaki marar taga, aka karɓi fasfona. A nan na yini. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na zauna ina lissafin wanda zai gaya wa Inna. Daga baya aka gwada garin, ya zamana kanwa ce aka daka, don a yi wa mai jego kunu. Shugaban tawagarmu ya zo ya tsaya mini, aka zubar da goron, aka sake ni. Tsohuwar ba ta nufe ni da sharri ba. Ta ji ana ƙwace goro, shi ya sa ta ɓoye shi a kuka don 'yarta ta samu. Ƙauna ce ta ɗaure wannan ƙulli, kuma saura kaɗan ta ɗaure ni.

Ni a lokacin namiji ne mai katin aikin jarida, da tawaga a bayana. Ke za ki sauka ke kaɗai, da takardar ɗaukar aiki da Larabcin da bai wuce gaisuwa da sunayen magunguna ba. Saboda haka ki riƙe wannan: kada ki taɓa cewa ke kika haɗa abin da ba ki gani da idonki ba. Kuma ki tuna cewa kusan duk abin da muke kewa gari ne. Kuka gari, kuɓewa gari, yaji gari, garin kunu gari. Mu muna gane su da ido da hanci. Wanda ba Bahaushe ba gari kawai yake gani. Kowanne ki juye shi a farar leda da ake ganin ciki, ki rubuta sunansa da Turanci a jiki, ki sa su a sama, ba a ƙarƙashin tufafi ba. Idan an tambaya ko kina ɗauke da abinci, ki ce e tun kafin a gama tambayar. Goro ko ɗaya kada ya bi ki, ko a jakar hannu. Kanwa ki bar ta. Kilishi da dambun nama da man shanu ki tambayi kamfanin jirgin, idan amsar ba ta fito fili ba ki bar wa yaran Kawunki su yi murna. Abin da aka ƙwace a fili asara ce ta kwana biyu. Abin da aka tono a ɓoye shi ne shari'a.

Akwai na huɗu, gajere ne. Ina kan teburin labarai aka kawo rahoton wata mata da aka tsare a waje da kaya a jakarta. Majiya ɗaya ce. Na sa kanun da ya kira ta mai safarar ƙwaya, domin shi ya fi shiga shafi. Daga baya aka wanke ta, ashe saƙo aka ba ta. Mun buga gyara a shafin ciki, 'yan layuka. Na tabbata a unguwarsu kanun farko suka karanta. Wannan ne ya sa ba zan kira baƙon Gwaggonki da sunan da ban tabbatar ba. Wannan ne kuma ya sa na san cewa ko an wanke mutum, ba duka tabon yake fita ba. Akwai yaro a wani teburin labarai yanzu da zai yi miki abin da na yi wa matar nan, ba don ƙiyayya ba, don shafi yana jira.

Kuskure na ƙarshe na makon nan ne. Ina tsaye aka miƙa miki buhun. Na ga ɗinkin, na ga salatif, wani abu ya motsa a raina. Na yi shiru don yayata ce, ga mutane, ga ta ta shiga wannan hanya saboda ke. Duk abin da na ba ki labari a sama bai hana ni jin kunyar da kike ji yanzu ba. Don haka ba daga sama nake miki magana ba.

Ga abin da nake so ki yi, kuma umarni ne, ba shawara ba. Ki yanke ledar akwatin, za a sake naɗewa. Ki fitar da buhun. Kada ki buɗe shi ke kaɗai. Ki kira Kawunki, shi kuma ya kira wani babba daga maƙwabta, a buɗe a gabansu da rana, a kan tabarma. Idan abinci ne tsantsa, ki bi shi ɗaya bayan ɗaya, ki fasa kowane dunƙule, ki juye kowane gari, ki sake ƙullawa da hannunki. Idan kuka ga abin da ba ku san sunansa ba, ko ƙwayoyi, ko wani ƙulli a cikin ƙulli, kada ki taɓa. Ki ja da baya ki bar wa Kawunki, na yi magana da shi, ya san inda zai kai rahoto. Idan kuma lokaci ya ƙure ba a samu buɗewa ba, buhun ya zauna a Kano. Ba zai hau jirgi a rufe ba. Haka za ki yi da duk wani saƙon da aka kawo miki gidan Kawunki daga yau zuwa jibi, domin za a kawo. Kowa yana da wani a can, kowa kuma ya ji wani nasa ya rame.

Na san abin da ke ranki: me Gwaggo za ta ce. To ga abin da ta ce.

Da na gaya mata irin hukuncin ƙasar, ta miƙe tsaye. "Kana nufin ni zan kashe ɗiyar ƙanena? Ni da na yi mata wankan jariri?" Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce in tashi in kama hanya tun rana ba ta yi ba, tunda abin da ya kawo ni ke nan. Sai na faɗi maganar Mamanki kawai. Na ce, "Yaya, buhun ya kwana a ɗakina. Bai yi wari ba."

Ta tsaya. "Mi bai yi wari ba?"

"Daddawar."

"Daddawata?" Ta dafa ƙirji. "Lawali, daddawata ko rijiya ka jefa ta sai mai ɗiban ruwa ya yi atishawa. Da hannuna na dafa kalwar, da hannuna na rufe ta ta kwana. Har maƙwabta sun yi magana."

Na ga lokacin da maganar ta isa gare ta. Ta koma ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon garin da ta tankaɗe. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "To ina ya kai tawa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da sauran daddawar da ta rage, da yaji, da kuka. Ta aika aka sayo farar leda a shago. A gabana ta zuba kowanne daban, ta ƙi ɗaurewa, ta ce in ɗaure da kaina. Warin ya cika motar da na dawo a ciki, har wani fasinja ya ce ko miya nake sayarwa. Wannan ledar tana tare da takardar nan, kuma zan buɗe wa direba ya gani kafin ya karɓa. Ita za ki kai wa Bello. Da ta rako ni ƙofa ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ka ce wa Saratu in ji ni, ta farke shi. In kayana na ciki, ta yafe mini wahalar da na sa ta. In ba su ciki..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce in gaida Mamanki.

Kin ga ba amanarta za ki ci ba. Mai amanar ce ta ce a buɗe.

Sauran maganata kaɗan ce. Kewa za ta zo, ba a makon farko ba, lokacin komai sabo ne. Za ta zo wata rana bayan kin tashi daga aiki a gajiye, kin buɗe firji kin ga abinci cike amma babu abin ci. Ranar ki dafa miyar kuka ko da tukunya ɗaya gare ki. Mamanki ta sa miki muciya da maburgi a gefen akwatin, kin yi dariya, za ki gode mata. Ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Idan ya kusa ƙarewa ki faɗa da wuri, mu nemi wanda muka sani, mu ba shi a buɗe. Mu ma daga yau ba za mu ƙara ɗora wa ɗan kowa ƙulli a rufe ba. Ranar da za ki dawo hutu kuma, za su taru a kanki da saƙonnin gida: dabino, turare, jallabiya, magani. Dokar ɗaya ce zuwa da dawowa. Idan kin ji nauyi, ki ce ubanki ne ya hana, tsohon ɗan jarida ne mai taurin kai. Na yarda a zage ni a Jidda.

Idan an buɗe, ki kira ni kafin ki kira kowa. Wayar tana hannuna. Mamanki tun da na dawo take share ƙarƙashin teburin nan har ya fara ƙyalli.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba. Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya rufe idon mugu daga kanki. Ya sa ki fita daga kowace ƙofa da fasfonki a hannunki. Ya dawo mana da ke muna raye. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

Babanki,
Lawali.

Tun ina Tsafe na tura wa Bello saƙo, na tambaye shi ko ya aiki wani da dabino wurin mahaifiyarsa. Waya ta nuna saƙon ya isa. Har na rufe wannan takarda bai amsa ba.